Daga Tsibiri Zuwa Tsibiri a Zanzibar

Mu mutanen tudu ne, ba mu saba da babban ruwa ba. Shekara uku muna tara kuɗi, mu da uwargida, kafin mu kai yara Zanzibar a ƙasar Tanzaniya, saboda haka ba mu so ko kwabo ya tafi a banza.

Da fari muka duba lokaci. Daga Maris zuwa Mayu ana ruwa ƙwarai a can, sai muka zaɓi hutun Agusta. Muka kama ɗaki tun muna gida, a wani ƙaramin masauki cikin tsohon birni, mai gidan sauro a kowane gado.

Daga Darussalam jirgin ruwa ya kai mu tsibirin Unguja cikin wajen awa 2. Muka soma da majami'ar Angilikan, wadda aka gina a filin kasuwar bayi da aka rufe a 1873. Da muka ba yara labarin, suka yi tsit.

Kashegari muka nufi Changuu, inda manyan kunkuru suke, waɗansu sun haura shekara 100. Ba mu shiga kwalekwale ba sai da kowa ya sa rigar ceto. A Pemba kuwa muka kwana 2 cikin ƙanshin kanumfari da aka shanya a bakin hanya.

Ga shawararmu, 'yan'uwa. Ku bar kwana ɗaya rara, gama teku ba ta bin lissafin mutum. Yawancin mutanen wurin Musulmi ne, sai ku yi shiga ta mutunci, yadda ya kamaci baƙo.