Mabuɗi Ɗaya, Hannu Goma

A yau ba akawu ne ke zama da biro yana lissafa albashin ma'aikata ba. A bankuna da manyan ofisoshi akwai manhajar da ake ba jadawalin aiki, irin su Control-M. Sai a ce mata ran kaza, ƙarfe biyun dare, haɗa lissafin albashi, in kin gama ki aika banki. Ba ta tambaya, ba ta musu. Don haka ne maƙeranta suka raba izini hawa-hawa. Akwai mai kallo kurum. Akwai mai tayar da aiki ko tsayar da shi, amma ba shi da ikon taɓa abin da ke ciki. Akwai mai gyara, sannan akwai mai raba izinin kansa. Duk wanda ya sa hannu kuwa, na'ura za ta rubuta sunansa da lokacin.

Masu karatu za su tuna Société Générale, bankin nan na Faransa da a da yake da reshe a N'Djamena. A watan Janairun 2008 ya bayyana asarar yuro biliyan 4.9 ta hannun ma'aikacinsa Jérôme Kerviel, wanda ya taɓa aiki a sashen sa ido kafin a mai da shi sashen ciniki a 2005, wato ya san lokacin da maigadi ke gyangyaɗi. A Nijeriya ma, a 2016 gwamnati ta ce ta cire sunayen ma'aikatan bogi 23,846 daga jerin masu albashi. To, suna dai ba ya shiga jeri da ƙafarsa.

Mu a nan, ni a ganina, kunya ta fi ɓarna mana fiye da sata. In na gaba da kai ya ce, "Malam, ba ni lambar sirrin nan," wa zai iya cewa a'a? Sai a ce ba ka da tarbiyya. Haka lamba ɗaya ke yawo har ta zama gishirin maƙwabta.

A wata makaranta da na koyar, lambar darakta ce kaɗai ke buɗe kwamfutar maki, an rubuta ta a takarda an liƙa a bango. Mu goma muke shiga da ita. Ƙarshen shekara aka tayar da lissafi, sai 14 ɗin wata yarinya a darasin lissafi ya koma 04, jimillarta ta faɗi ƙasa da 10 bisa 20, aka ce ta maimaita aji. Da aka duba, na'ura ta ce darakta ne, alhali ranar yana Moundou wajen jana'iza. Zargi ya faɗa kan sakatariya, don ita ce ba ta da mai tsaya mata.

Mahaifiyar yarinyar ce ta kawo takardar jarrabawar, ta adana ta a cikin kwalla. Aka mai da makin, yarinya ta wuce. Sakatariya kuwa ta nemi canjin wurin aiki kafin a koma hutu.