Wasan taubashi ya yi rana

A wani ƙauye na jihar Maraɗi, arewa da Tasawa, akwai wani manomi mai shekara 35. Yana da mata ɗaya da ɗiya huɗu. Shi ne ɗan fari wajen iyayensa, kuma duka biyu suna da rai. Kowa ya san shi da fara'a. In ana gayya, muryarsa ake fara ji. Da yana saurayi ya yi kokowa a dandali, har ana yi masa kirari.

Damana biyu a jere hatsi bai yi ba. Rumbu ya ƙare tun bazara ba ta shigo ba. Sai ya saida shanun nomansa biyu da amalanke, ya ce za shi biɗa Libiya. Ya bi Damagaram, ya bi Tanut, ya kai Agadas. Daga can ya hau mota ta ratsa hamada, ta Dirku, har Sabha. Ya yi fiye da shekara yana aikin gini. A hanyar komowa ƴan fashi suka tare motarsu, suka kwashe kuɗi da ruwan sha. Wani abokin tafiyarsa ya rasu saboda ƙishirwa. Da hannunsa ya rufe shi cikin rairayi.

Ya shigo gari da dare, da jaka ɗaya, don kada a gan shi.

GIDA YA YI SHIRU

Kwanakin farko mutane sun zo barka da zuwa. Yana amsawa da kai sunkuye. Daga nan ya daina fita. Ruwa ya sauka, ƙannensa suka yi shuka, shi yana ɗaka. In an kawo fura, ya kurɓa sau biyu ya ture. Da dare ba ya barci. Tun kafin kiran assalatu idonsa biyu, yana kallon rufin ɗaki. Autarsa ta kan zo ta hau ƙafarsa, ko dubanta ba ya yi. Rediyon da a da ba ya rabuwa da ita ta yi ƙura a rataye.

Matarsa ta ga kome. Amma mace ba ta faɗin sunan mijinta, balle ta tsare shi da tambaya. Sau ɗaya ta ce: "Maigida, ko jikin ne?" Ya ce: "Lafiya lau." Magana ta ƙare nan.

Uwarsa ta ga kome. Amma ɗan fari ne, ko sunansa ba ta kira. Ta kan dama kunu ta ba jikanta ya kai masa, ta koma bayan ɗaki ta share hawaye.

Ubansa ma ya gani. Ya kan wuce ta ƙofar ɗakin ya yi gyaran murya, ya wuce masallaci.

Duk suna son sa. Ba wanda ya ƙi shi ko ya yi masa gorin shanun da ya sayar. Kunya ce ta ɗaure bakin kowa. Kunya ado ce, ita ke riƙe da girman gida. Amma a wannan gida ta zama kamar darnin da ya hana a ga gobara tun tana ƙarama.

ABIN DA GARI KE CEWA

A bakin rijiya da wajen shan shayi na samari, kowa da tasa. Wasu sun ce iskokin hamada suka biyo shi. Wasu sun ce sammu ne. Wasu sun ce lalaci ne kurum, ya ɗanɗana burodin Larabawa ya raina hauya. An karɓo rubutu wajen malam, ya sha. An yi hayaƙi. Bai ƙi kome ba, bai kuma canza ba.

Ba wanda ya kawo zancen likita. Dalili shi ne, mutane sun saba da kamar mahaukaci guda ɗaya, irin wanda ake gani cikin finafinan da ake kallo a salula: tsumma a jiki, gashi a cukurkuɗe, yana jifan yara, ana dariya. Shi kuwa mutumin nan bai tuɓe ba, bai zagi kowa ba, yana salla a ɗaka. Sai aka ce ai hankalinsa ɗaya, me za a ce wa majo?

Ita salular kuma ta ƙara masa nauyi. Waɗanda suka komo da sa'a suna aiko hoto da sabuwar shadda, kan sabon babur. Wanda ya komo hannu wofi ba ya ɗaukar hoto. Sai kowane mai hasara ya ɗauka shi kaɗai ne ya faɗi.

BAFILLACE YA SAUKO DAGA AREWA

Mutumin nan yana da taubashi, ɗan ƙanwar ubansa da ta auri Bafillace. Makiyayi ne. Duk damana yana arewa da shanu. Bayan kaka ya sauko, ya ji labari a kasuwa, ya biyo gidan kawunsa.

Tsakanin ɗan mace da ɗan namiji ba kunya. Haka aka gada. Irin wannan wasa akwai shi tsakanin Fulani da Barebari, tsakanin Gobirawa da Zabarmawa, tsakanin Buzaye da Zabarmawa. Abokin wasa yana faɗa maka abin da in wani ya faɗa sai an je gaban sarki, kuma ba ka da ikon yin fushi. A shekarar 2014 hukumar UNESCO ta sa wannan al'ada ta Nijar cikin jerin al'adun gado na duniya.

Bafillace ya tsaya tsakar gida, sanda a kafaɗa, ya ɗaga murya:

"Ina bawan nan nawa? Kaɗo! An ce ka sayo jirgin sama a Libiya. A wace garka ka ɗaure shi?"

Gida ya yi tsit. Wata biyar ba wanda ya ambaci Libiya a gidan. Ya ɗaga asabari ya shiga. A da, kafin ya rufe baki an rama masa da zancen nono da rowar Fulani. Wannan karo ba a rama ba. Ya dubi ɗan'uwansa, ya ga wuya ya fito, ido ya faɗa.

Makiyayi ya san saniyar da ta ware daga garke, ta tsaya ita kaɗai, ba ta kiwo, ba ta tuƙa. Ba ya ce mata malalaciya, ba ya kuma dukanta. Ya san ciwo ne. Nan take ya aje wasa. Ya zauna a tabarma, ya hura gawayi, ya ɗora shayi. Bai yi wa'azi ba, bai yi tambaya ba. Ya ba shi labarin ciyawar arewa da tsadar dusa. Da dare ya shimfiɗa buzunsa a ƙofar ɗakin.

Kwana biyu haka. A dare na uku ya ce:

"Kai, ni ba ubanka ba ne, ba surukinka ba ne. Ba kunya tsakaninmu. Me ka gani a hanyar can?"

Mutumin ya daɗe bai ce uffan ba. Can sai magana ta ɓalle kamar gulbi ya ci gaɓa. Ya faɗi ƴan fashi. Ya faɗi abokin da ya rufe, da yadda har yau yake jin muryarsa tana roƙon ruwa. Ya faɗi shanun da ya sayar, da nauyin haɗa ido da tsoho. Ya yi kuka irin wanda bai yi ba tun yana yaro. A ƙarshe ya ce: "Da ni na kwanta cikin rairayin nan, da kowa ya huta."

Bafillace bai ce masa "kul, kada ka ƙara faɗin haka" ba. Ya tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin halaka kansa. Ya ce wani lokaci tunanin ya kan zo. A daren nan taubashi ya kwashe maganin ƙwarin gona da ke ɗakin, ya kai gidan maƙwabci. Ya ce wa matar: "Uwargida, daga yau kada a bar shi shi kaɗai." Da gari ya waye ya ce: "Kaɗo, tashi. Ubangijinka ya ce za mu likita." Mutumin ya ɗan murmusa, karo na farko cikin wata biyar. Suka hau kabu-kabu.

ABIN DA MAJO YA CE

Majo ya auna shi. Ya duba ko zazzaɓin cizon sauro ne, ko ƙarancin jini, don su ma suna kashe jiki. Ya sallami kowa, ya saurare shi shi kaɗai. Sa'an nan ya ce:

"Malam, wannan ciwo ne, sunansa ciwon damuwa. Ba hauka ba ne, ba lalaci ba ne, ba kuma raunin imani ba ne. Yana da magani."

Baƙin ciki kowa na yin sa, ya kuma wuce. Amma in ya kai mako biyu ko fiye, kullum, kusan wuni duka, mutum ba ya jin daɗin abin da a da yake so, barci da cin abinci sun lalace, ƙarfi ya ƙare, yana ganin kansa ba shi da amfani, to ya zama ciwo. Hasarar dukiya, mutuwar na kusa, tsoro mai tsanani, doguwar jinya, duk suna iya tada shi. Yana kama makiyayin da fari ya kashe wa dabbobi. Yana kama mace bayan haihuwa. Mata ma sun fi maza kamuwa. Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum wajen miliyan 280 ke fama da shi. Wannan ya ninka mutanen Nijar wajen sau goma. Tun 2008 hukumar ta fito da tsarin koya wa ma'aikatan ƙananan asibitoci gane irin wannan ciwo, don kada sai an je babban birni. In abin ya fi ƙarfin na karkara, su ne za su ba da takardar zuwa babban asibiti.

Majo ya ba shi ƙwaya, ya ja masa kunne a kan abu uku. Na ɗaya, maganin ba ya aiki rana ɗaya, sai ya ɗauki makonni. Na biyu, ko ya ji sauƙi kada ya bari sai an ce ya bari, don ana shan sa watanni. Na uku, kada ya kusanci tramol da ƙwayoyin ƴan talla, don suna tada jiki na awa kaɗan, su bar mutum cikin ramin da ya fi na da. Ya ce addu'a da rubutu a ci gaba, ba su hana magani, magani bai hana su ba. Ya ce ya riƙa fita hantsi, ya riƙa ɗan aiki, ya riƙa zama cikin mutane, ya komo bayan kwana 15.

SANIYAR HABBANAYE

Sauƙi bai zo da gudu ba. Barci ya fara komowa, sa'an nan cin abinci. Wata rana ya tashi da dama, wata rana ya koma ɗaka. Taubashi bai gaji ba. Kafin ya koma wajen garke ya jawo karsana ɗaya ya ɗaure ta a gidan. Wannan shi ne habbanaye, al'adar Fulani: a ba wanda ya rasa dabba aron saniya, ta haihu a hannunsa, ya riƙe ɗiyan, ya maida uwar.

Ya ce: "Kaɗo, ga amana. In na komo na iske ta rame, kai zan kai kasuwa in sayar."

Saniya ba ta san damuwa ba. Da safe sai ta yi kuka, dole a tashi a ba ta ruwa da harawa. Haka mutumin ya fara fita rijiya. A rijiya aka gaishe shi, ya amsa.

Cikin sanyi aka shiga kokowar takobi, wadda aka fara a Tawa a shekarar 1975, Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobin farko. Autarsa ta sauko da rediyo, ya share ƙura, ya sa batir. Ranar ƙarshe ya fito da ita ƙofar gida, inda ubansa ke zaune. Bai zauna kusa ba, ya ɗan ja gefe kamar yadda ɗan fari ke yi. Da aka gama, tsoho bai dubi ɗansa ba. Ya dubi rediyo, ya ce:

"Ƙarti 80 suka taru daga jihohi 8. Ɗaya ya ɗauki takobi. Sauran 79 duk za su koma gida hannu wofi, kuma iyayensu za su tarbe su. Baɗi su sake ɗaura walki."

Ya tashi ya shiga masallaci. Ɗan ya gane da wa ake.

Da damana ta zo ya yi shuka tare da ƙannensa. Bai maida shanunsa ba tukuna, bashi na nan. Har yanzu wani dare ya kan farka da mafarkin hamada. Amma yanzu in ya farka yana tada matarsa ya faɗa mata, ita kuma ta daina jin nauyin tambaya.

Jama'a, manoma da makiyaya, a kowane gari akwai ɗakin da ya yi shiru. In mutum ya ware kansa ya wuce mako biyu, kada a jira sai ya tuɓe. In uba ba ya iya tambaya, in mata ba ta iya ba, a aika a kira wanda ba kunya tsakaninsu: taubashi, ko aboki na ƙut da ƙut, ko kaka. Mai zuwa ya san inda wasa ke tsayawa. Ya zauna, ya saurara, kada ya yi gori, kada ya kai zancen bakin kasuwa. In mara lafiya ya ambaci mutuwa, a tambaye shi a fili, don tambaya ba ta sa mutum aikata abin da bai yi niyya ba. A kau da abin da zai cuce shi, a zauna da shi, a kai shi likita a ranar. Ba a ɗaure shi da mari, ba a dukansa.

Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, ya komo da matafiya gida lafiya. Amin.