Salsalar Gidanmu a Hannun Kwamfuta

Idan yau 'yarki ta tambaye ki sunan kakar kakarta, za ki iya ba ta amsa ba tare da kin aika an tambayo Hajiya ba? Tsofaffinmu suna ta tafiya, abin da ke kansu kuma yana bin su kabari. Dalilin da ya sa na zauna na shigar da salsalar gidanmu cikin wata manhaja ke nan, mutum sama da ɗari uku, kowa da iyayensa da 'ya'yansa.

Komai lafiya lau, sai da na sauya kwamfuta daga mai Windows zuwa Mac. Na sayi manhajar mai suna iri ɗaya, ashe sunan kawai ke ɗaya. Ba don wannan na'urar aka gina ta ba, kwaskwarima aka yi mata aka tura kasuwa. Ki danna sunan mutum, sai ki ɗora tukunya ki dawo bai buɗe ba. Hotunan kakanni rabi sun ɓace. Ɗanladi ya koma ?anladi, Ƙasimu ma haka, duk sunan da ke da harafi mai ƙugiya ya lalace.

Ki sani, waɗannan manhajoji suna miƙa wa juna bayanai ne ta wani tsari da ake kira GEDCOM, wanda cocin Mormon da ke Amurka ya ƙirƙiro a 1984. Tsarin ya san kalandar Miladiyya, ya san ta Yahudawa, har da wadda Faransa ta yi lokacin juyin juya halinta, amma babu Hijiriyya. Kakana da aka haifa cikin watan Sha'aban, dole na rubuta hakan a gurbin ƙarin bayani.

To, a nan gizo ke saƙar. Manhajar ba ta da gurbin 'yan'uwantakar shayarwa, don haka a wannan gurbin ƙarin bayanin na rubuta wace ta shayar da wane, kamar yadda gwaggona ta faɗa mini kafin Allah ya yi mata rasuwa. Bayan ƙaurar, dogayen bayanan duk an guntule su a tsakiya. Ke ma kin san wannan ba abin wasa ba ne, shayarwa tana haramta aure kamar yadda nasaba ke haramtawa. A danginmu kuwa, inda auren zumunci ya yi yawa, layi ɗaya da ya ɓace zai iya sa a ɗaura wa yaro aure da ƙanwarsa.

Allah ya taimake ni tsohuwar kwamfutar tana nan. Mako uku na yi ina duba suna bayan suna. Idan kina da irin wannan aiki, kada ki bayar da tsohuwar na'urarki sai kin gwada iyali goma a sabuwar, musamman gidaje masu mata biyu ko uku, domin nan ne 'ya'ya ke komawa ɗakin da ba na uwarsu ba. Maganar shayarwa kuwa, yanzu a littafi mai bango nake rubuta ta da biro, na kuma ba yayana kwafi ɗaya ya ajiye.