Rana ba ta ƙarya: labarin mai gonar kwamfuta

Hausawa sun ce rana ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya. Duk ɗan kasuwar da ya taɓa ce wa mai saye kayansa na isowa ran Laraba, da duk ma'aikacin da ya taɓa ce wa mai neman takarda ya komo ƙarshen wata, sun san nauyin wannan magana. Wani Ba'amurke mai suna Eric Barone shi ma ya san shi, ko da yake hajarsa ba ta shiga buhu, ba ta hawa mota. Wasan kwamfuta ne, ana ce da shi Stardew Valley.

A shekara ta 2011 Barone ya ƙare karatun ilimin kwamfuta a jami'ar jihar Washinton, reshen garin Takoma. Ya nemi aiki bai samu ba, sai ya zauna gida ya shiga ƙera wasa domin ya ƙara ƙwarewa. Abin da yake samu na sawa baki kuwa, daga wani ɗan aiki ne na nuna wa ƴan kallo kujerunsu a wani gidan wasa na birnin Siyatil. Ba shi da kamfani, ba shi da ma'aikaci ko guda. Shi ne mai zane, shi ne makaɗi, shi ne mai tsara labari, shi ne kuma mai rubuta umarnin da inji ke bi. Haka ya yi shekara huɗu da rabi, yana aikin wajen awa goma a yini.

Labarin wasan ba shi da wuyar fahimta. Wani ma'aikacin biro ne ya gaji da aikin babban kamfani, ya koma ƙauye ya riƙe gonar da kakansa ya bar masa. Shekarar wasan ta kasu huɗu, kowane kashi kwana 28, kuma kowace shuka da lokacinta. Kabewa, alal misali, kwana 13 take yi kafin ta nuna, kuma da kaka ake shuka ta. Wanda ya shuka ta ran 20 ga kaka ya yi asarar iri, domin hunturu zai riske ta ɗanya. Ke nan mutumin da ya koya wa miliyoyin jama'a lissafin kwanaki, shi ne kuma ya fi kowa shan wahalar sa wa aikinsa rana.

Tun 2012 ya nuna wa duniya abin da yake ƙerawa, kuma tun daga ranar tambaya guda ta bi shi: yaushe? Sau da dama ya zaci saura ƴan watanni, watannin su wuce, ya tarar da aikin bai gamshe shi ba, ya rushe ya sake. Daga baya sai ya kama bakinsa. Ya kuma ƙi karɓar kuɗin kowa kafin a gama, alhali masu sana'a irin tasa da yawa suna sayar da wasa tun yana rabi. Ya san kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Sai da ya rage wajen wata guda ya faɗi rana: 26 ga Fabarairu 2016. Ranar ta zo, kaya suka fito, a kan dala 15 ta Amurka, wato wajen jika tara na sefa. Cikin wata biyu aka sayi fiye da miliyon guda.

A nan ne wata sabuwar wahala ta fara. A da, wasa kamar turmin atamfa yake: in an sayar an rabu. Yanzu kuwa, ta hanyar intanet, maƙerin yana iya aika gyara har cikin injin mai saye, saboda haka ciniki ba ya ƙarewa. Abin da ake aikawa iri biyu ne. Akwai faci, wato toshe ɓarakar da ke sa wasa ya tsaya cak ko ya ɓata gonar da wani ya yi makonni yana nomawa. Akwai kuma ƙari, wato sabon fili, sababbin mutane, sabuwar sana'a a cikin wasan. Faci bashi ne, tunda an riga an karɓi kuɗin mutane. Ƙari kuwa kyauta ce, amma da zarar an sa mata rana ta zama bashi ita ma.

Barone ya raba su, kowane da takunsa. Faci ba ya kwana a hannunsa. A makonnin farko na 2016 ya yi ta aika shi ba ƙaƙƙautawa, har gajiya ta kai shi ga dakatawa na wani ɗan lokaci. Shekara takwas bayan haka halin bai sake ba: da babban ƙarin da ake kira 1.6 ya fito ran 19 ga Maris 2024, kafin kwana goma faci uku sun bi bayansa. Ƙari kuwa, tafiyar raƙumi yake yi. Na farko ya zo a Oktoba 2016. Wanda ya ba mutum huɗu damar noma gona guda tare ya zo a Agusta 2018, wani a Nuwamba 2019, na 1.5 mai sabon tsibiri a Disamba 2020. Daga nan aka yi shekara uku da wata uku kafin 1.6, wanda makonni uku kacal kafin fitowarsa aka ji ranarsa. Duk waɗannan ba a biya ko tamma a kansu ba.

Akwai dalilin wannan nawa. Kowane ƙari yana taɓa tsohon gini, kuma inda aka taɓa nan ɓaraka ke fitowa. In ƙari ya yawaita, dubban ƴan wasan da ke ƙera nasu ƙananan gyare-gyare sai su tarar aikinsu ya daina tafiya. In kuma ya yi nisa ƙwarai, jama'a su watse su nufi wata kasuwa. Barone ya zaɓi ya tara kaya su yi yawa sannan ya buɗe kanti. Da 1.6 ya fito, an ƙidaya mutum fiye da 230,000 suna wasan a lokaci guda a dandalin Steam, adadin da bai taɓa samu ba. A ƙarshen 2024 cinikin ya wuce miliyon 41.

Sai dai kada a ɗauka babu wanda ya ji jiki. Wasan yana tafiya a kan kwamfuta, da akwatunan wasa irin su PlayStation, Xbox da Switch, da kuma wayar salula, kuma kowane sai an sake yi masa ɗinki daidai jikinsa. Masu akwatunan ma sai sun bincika kowane gyara kafin su bari ya wuce. Ƙarin 1.5 ya kai ga masu akwatuna a Fabarairu 2021, amma masu salula sai Janairu 2023, bayan shekara biyu cur suna jin labarin tsibirin a bakin wasu. Barone ya yi fatan sallamar su kafin ƙarshen 2022, rana ta zo ba a shirya ba. Na 1.6 ma sai 4 ga Nuwamba 2024 ya iso musu. Su ma sun biya kuɗinsu, kuma wanda ke ƙarshen layi ba ya ganin adalcin mai rabo.

Wanda ya fi kowa jira kuwa shi ne Barone kansa. A Oktoba 2021 ya ba da sanarwar sabon wasa mai suna Haunted Chocolatier, labarin mai sana'ar cakulan a wani tsohon gida mai fatalwa. Amma taura biyu ba ta taunuwa. Ko da yake tuni ya ɗauki ƴan mataimaka, ya aje sabon aikin domin ya gama 1.6, ya ce ba zai koma masa ba sai kowa ya samu rabonsa. A Agusta 2025 ya sake sanar da cewa akwai ƙarin 1.7, ba tare da ya faɗi rana ba, kuma shekarar ta ƙare sabon wasan bai fito ba. Yana da shekara 28 lokacin da gonar ta fito kasuwa. Ƙuruciyarsa duka a cikinta ta tafi.

Mai aiki shi kaɗai ba shi da shugaban da zai laɓe bayansa, ba shi da wani biro da zai ɗora wa laifi. Bakinsa shi ne jarinsa. Abin da Barone ya koya cikin shekarun nan bai wuce abin da tsofaffin fatake suka sani ba: a biya bashi da wuri, kada a sa wa kyauta rana sai tana hannu, in kuma an makara a fito a faɗa. Abin da har yanzu bai samu lissafinsa ba shi ne ranar da manomi zai ce gonar nan ta isa, ya saɓa hauyarsa ya nufi sabon fili.