Fulawar Inna

A jikin katangar gidanmu akwai wata fulawa mai yaɗo da ƙaya, wadda Turawa ke kira bugenbiliya. Asalinta daga Kudancin Amurka ne, sunan kuwa na wani Bafaranshe ne matuƙin jirgin ruwa a ƙarni na 18. Mu dai fulawar Inna muke ce mata, domin mahaifiyarmu ce ta yanko reshe ta dasa da hannunta.

Da Allah Ya yi wa Inna rasuwa sai tsoro ya kama mu, kada fulawar ta bi ta. Muka dinga ɗura mata ruwa safe da yamma, ga takin awaki. Ganye ya yi shar, rassa suka haye katanga, amma shekara biyu cur ba ta yi fure ba.

A hunturu na uku famfonmu ya ƙafe, jarkar mai garuwa ta yi tsada, ruwan sha ma sai an auna. Ala tilas muka ƙyale ta, in mun zo wucewa mu kawar da kai. Bayan 'yan makonni sai ga katanga ta rine ja wur!

Ashe ita sai ta sha rana ta ji ƙishi take fure. Nan muka tuna Inna ba ta ba ta ruwa sai ƙasa ta bushe, mu kuwa muna tsokanar ta da rowa.

To, yanzu kam mun gaji rowar Inna. Allah Ya jiƙan ta, amin.