Batirin Karaban a Arewacin Sikotlan

Idan ka ja karaban, wato tirelar kwana, daga Inbanes zuwa gaɓar tekun arewacin Sikotlan, za ka daɗe ba ka ga gari ba, sai tumaki da tafkuna. A can batirin karaban ne wutarka. Soket mai fil 13 da ke bayan mota shi ke ba shi caji, ya kuma riƙe firji muddin inji na aiki. Sai dai altanetar sababbin motoci kan rage wuta don tsimin mai, har ka isa zango batir bai cika ba. Maganin wannan cajar DC-DC ce. In akwai allurar insulin a firjinka, sa makanike ya gwada soket ɗin kafin ka tashi.