Rigar Babanmu da Karatun 'Yata

Yau ba sanarwar taro na kawo muku ba, kuskurena zan faɗa.

Da 'yata ta ce bayan digirinta na kimiyyar sinadarai tana son ta ƙware a kan adana tsofaffin tufafi da kayan tarihi, faɗa na yi mata. Na ce, "Duk wahalar da muka sha, ki ƙare a gadin tsumma?"

Ana nan, bayan damina, na buɗe akwatin ƙarfen marigayi babanmu a nan Zonkwa don in shanya rigarsa ta saƙi, rinin Kano, mai aska takwas. Gabana ya faɗi. Asu ya cinye aikin tsamiyar, tsatsa ta ɓata kafaɗa. Har na ɗebo ruwa da sabulu, sai yarinyar ta riƙe hannuna. Ta ce, "Baba, kada ka jiƙa ta. Zaren ya yi rauni, yagewa za ta yi."

Ta zaunar da ni ta yi mini bayani. Asu ya fi son siliki da ulu a kan auduga, shi ya sa ya bi aikin ya bar jikin rigar. Danshi ne ya jawo tsatsar, kuma da leda na sa ta, da ta yi fumfuna. Ta ce shi kansa rinin kimiyya ne: shuni ba ya narkewa a ruwa sai baba ya ruɓa da toka a karofi, kuma idan an tsamo zane, iska ce ke mai da shi shuɗi. Haka ake yi a marinar Ƙofar Mata tun 1498.

Na ji kunya. Ga Nok nan kusa da mu, inda aka fara tono gumakan yumɓu a 1928, aka buɗe gidan tarihi na Jos a 1952, amma binciken da aka fara a 2005 sai da masana suka zo daga Jami'ar Frankfurt ta Jamus. Idan muka hana 'ya'yanmu wannan karatu, wa zai kula mana da kayanmu?

Ta naɗe rigar a farin ƙyallen auduga, ta raba ta da ƙarfe da hasken rana. Abin da asu ya ci ya tafi. Ni kuma na sa wa karatunta albarka.

Mai tsohuwar riga ko zanen kaka a akwati, don Allah ya duba tun kafin wata daminar.